Lambar Ranar Alhamis

UMMU: Alo? Salamu alaikum.

ALƘASUM: Wa alaikumus salam. Ummu? Ni ne.

UMMU: Wa? Ɗaga murya, layin na ta ƙara kamar ana suyar gyaɗa.

ALƘASUM: Ni ne, Alƙasum, mijinki. Ko akwai wani namijin da ke kiran gidan?

UMMU: A'a, Baban Fatimata. Ina wuni? Ya Abijan?

ALƘASUM: Lahiya lau. Ya Tawa?

UMMU: Tawa sai godiya. Ya gajiya? Ya kasuwa?

ALƘASUM: Kasuwa da sauƙi. Ya gida, ya ɗiya?

UMMU: Duk lahiya. Fatimata ta koma lakwal, malamai sun janye yajin aiki. Ya mutanen gidanku na can, su Malam Idi?

ALƘASUM: Suna nan. Ya jikin Inna?

UMMU: Da sauƙi ƙwarai. Ran Asabar na je Barmu na gano ta, har ta ci tuwo ta nemi ƙari. Ta ce in gaya maka maganin ƙafar da ka aiko ya fi na bara.

ALƘASUM: Madalla. Gonar Kalfu fa?

UMMU: An fara yanka. Hatsin bai yi kamar yadda munka so ba, amma ba za mu ji kunya ba. Ya ruwa a wajenku?

ALƘASUM: Ana yi.

UMMU: Ya zafi?

ALƘASUM: Ummu, gaisuwar ta isa haka, a kabin ɗin waya nike, kuɗin kart na tafiya.

UMMU: To. Ai ni ma na yi mamaki, yau Laraba, kai da ke kira ran Lahadi. Lahiya dai?

ALƘASUM: Ke za ki gaya mini. Makullin ƙwaɗon wayar nan yana hannun wa?

UMMU: Yana inda ka bar shi, ɗaure a bakin zanena.

ALƘASUM: Babu mai buɗe ta ya buga sai da saninki.

UMMU: Babu. Maƙwabta dai ana kiransu, in aika a kira su, su zo su zauna su jira a sake bugowa. Rabin unguwa a zaurenmu suke jin muryar mazansu, ka sani, kai ka ce a bar su don lada.

ALƘASUM: Ban tambaye ki masu amsawa ba. Masu bugawa nike tambaya.

UMMU: Mi ya kawo wagga magana?

ALƘASUM: Akwai takarda a hannuna.

UMMU: Akwai mi? Ka yanke.

ALƘASUM: Takarda. Shafi uku. Kin san Sani, ɗan kawuna, da ke aiki wajen masu haɗa layi?

UMMU: Sani mai tsamin baki. Na san shi.

ALƘASUM: An kawo masu sabon inji, ordinatar. Duk lambar da anka buga daga gida, injin na rubutawa: rana, sa'a, da tsawon maganar. Na ce ya fiddo mini ta gidana, ya turo mini ta faks a wani shago nan Ajame.

UMMU: Ta gidanmu? Ya fiddo, ya karanta, mai shago ya karanta, kai ka karanta. Ashe yanzu sirrin gidan mutum a takarda yake yawo ƙasa-ƙasa kamar buhun albasa.

ALƘASUM: Gidana ne. Wayata ce. Shekara biyu ina tura amalanke kafin in sami teburin sai da kaya, da gumina anka ja layin nan. Ba ni da ikon sanin abin da ake yi da shi?

UMMU: Kana da ikon tambayata. Ban mutu ba.

ALƘASUM: To ga shi ina tambaya. Lambar Yamai ce, tana ƙarewa da arba'in da ɗaya. Kowace Alhamis, bayan la'asar. Wata huɗu ba fashi. Wani lokaci minti ashirin, wani lokaci rabin sa'a. Ni da nike mijinki, minti biyar in munka yi sai ki ce tukunya na kan wuta. Lambar wa ce?

UMMU: Baban Fatimata...

ALƘASUM: Lambar wa ce?

UMMU: Wagga ba maganar waya ba ce.

ALƘASUM: Ta wancan ce maganar waya, ko? Rabin sa'a.

UMMU: Ka saurare ni. Akwai amanar da anka ba ni, kuma ba tawa ba ce ni kaɗai. In ta fita, akwai wanda zai kwana a inda danginsa ba su sani ba. Ka san halin da garin ke ciki tun da anka fara kamen nan. Mutum ya fita kasuwa da safe, da yamma a dawo wa matarsa da jakinsa ba shi.

ALƘASUM: Kar ki kawo mini siyasa. Na buga lambar.

UMMU: Ka buga?

ALƘASUM: Sau uku. Namiji ne ya ɗauka. Murya a kwance, Faransanci kamar ɗan Bature. Na ce wa ke magana, ya ce ni wa nike nema. Na ce ya faɗi sunansa, ya ce ba a faɗin suna a nan. Wane mutumin kirki ne ke ɓoye sunansa?

UMMU: Mai hankali.

ALƘASUM: Kin ji ko. Har kina yabonsa. Attahir ne.

UMMU: Wane Attahir?

ALƘASUM: Attahir nawa kinka sani? Wanda ke zuwa zance gidanku da keke kafin ni. Wanda ya ba ki agogo. Na ji yana Yamai, an ce ya zama ɗan biro, mai aikin ofis.

UMMU: Innalillahi. Shekara goma sha ɗaya, Baban Fatimata. Mutumin nan an ce ya yi sanƙo, ya aje tumbi, ɗiyansa biyar. Ko a hanya munka haɗu ba zan gane shi ba.

ALƘASUM: Wa ya gaya miki ya yi sanƙo?

UMMU: Ƙanwarsa, a gidan suna.

ALƘASUM: Kina dai tambayar labarinsa ke nan.

UMMU: Kai, Allah ya sawwaƙe. In na ce ban san kamanninsa ba laifi, in na ce na sani laifi.

ALƘASUM: Agogon yana ina?

UMMU: Kai da hannunka ka jefa shi rijiya, sati biyu da aurenmu. Ka manta?

ALƘASUM: Ban manta ba. Ba abin da na manta. Kin san yadda nike kwana a nan? Mu bakwai a ɗaki guda. Kowa na barci, ni ina kallon rufi ina ƙirga Alhamis. In na ga ƴan Tawa sun haɗa kai suna dariya, sai in ce da ni suke. Abinci ba ya shiga. Jiya mai saye ya ba ni jaka biyar, na ba shi canjin jaka goma. Kishi ne, na sani, ba na ɓoyewa. Ina kishinki kamar in mutu.

UMMU: Na ji, kuma wallahi ka ba ni tausayi. Amma ka yi mini abu guda. Motar Abijan na tashi jibi. Zan yi maka magana a kaset kamar yadda muke yi da can, in naɗe cikin ƙullin kilishi, in ba direba hannu da hannu. Kwana huɗu ta iso ka. Komi da komi zan faɗa.

ALƘASUM: Kwana huɗu. Ki samu lokacin shirya ƙarya ke nan, ku shirya ta tare gobe, tunda gobe Alhamis.

UMMU: Ban taɓa yi maka ƙarya ba.

ALƘASUM: To faɗi.

UMMU: Na dafa Alƙur'ani a kan ba zan faɗa ba.

ALƘASUM: Saboda shi kinka dafa Alƙur'ani?

UMMU: Ba shi ba ne. Ka ji ni? Alo? Alo?

ALƘASUM: Ina ji. Ni ma bari ki ji. Takarda biyu ce a hannuna. Ɗaya ta Sani, ɗaya ni na sa anka rubuta da asuba. Malam Idi ya sa hannu. Motar Tawa na tashi gobe, in kart ɗin ga ya ƙare ban ji suna ba, direba zai kai ta hannun babanki.

UMMU: Takardar saki?

ALƘASUM: Kin ji.

UMMU: A kan lamba? Shekara goma sha ɗaya, shida daga ciki kana can ina nan, ina jinyar uwarka, ina bin gonarka, a kan lambar da inji ya tofo?

ALƘASUM: Saura kaɗan kart ɗin.

UMMU: Ka tuna babana na da hawan jini.

ALƘASUM: Suna kawai nike so.

UMMU: Fatimata fa? Mi zan ce mata?

ALƘASUM: Suna, Ummu.

UMMU: To. Shi ke nan. Allah ka gani, ba da son raina ba, zan yi kaffara. Ba ni ke magana a wayar ba. Ni buɗe ƙwaɗo kawai nike, in zauna bakin ƙofa in ga mai zuwa. Madam Saratu ce.

ALƘASUM: Wace Saratu?

UMMU: Matar Mushe Ezekiyel, maƙwabtanmu na bayan gida, mutanen kudu. Ita ke koyar da ajin Fatimata. Lambar ta wani avoka ce a Yamai, wato lauya, su ne masu bin sawun mutanen da anka kama ba a kai su gaban alƙali ba. Shi ya sa bai faɗa maka sunansa ba.

ALƘASUM: Avoka...

UMMU: Matan Affala da na Barmu da anka ɗauke wa maza, ba su iya karatu ba, ba su san ƙofar da za su buga ba. Ran kasuwa suke shigowa gidan nan da ƙwaryar cuku kamar masu talla. Saratu ta zauna da su, ta buɗe kaye, littafin nan na ƴan lakwal, ta rubuta sunan mutum, sunan ubansa, ranar da anka tahi da shi, rigar da ke jikinsa, kalar motar. Ran Alhamis ta karanta wa avokan ɗaya bayan ɗaya. Shi ne rabin sa'ar taka.

ALƘASUM: Ummu, tsaya.

UMMU: Ba zan tsaya ba, kai ka ce in faɗa. Mi ya sa ba ta bugawa daga lakwal? Ma'aikaciyar gwamnati ce, rana guda za a kore ta, ko a rufe ta, ga goyo a bayanta. Mi ya sa ba ta zuwa kabin? Mai kabin kunnensa ya fi na zomo. Sai ta ce gidan ɗan kasuwa da ke Abijan, wa zai kula da shi?

ALƘASUM: Ummu, ki yi shiru haka nan.

UMMU: Mutum tara anka gano inda suke ta wayar nan taka. Huɗu sun dawo gida. Almustafa ɗan gwaggonka, da kunka yi ta sauke masa Alƙur'ani a can, kana tsammanin haka kawai anka buɗe masa ƙofa? Sunansa ne na sha bakwai a kayen. Ni na ba ta sunan da bakina.

ALƘASUM: Na ce ki...

UMMU: Kayen ma yana nan, in kana son shaida. Ba ta barinsa gidanta. Yana cikin tukunyar da nike aje kuka, in ka zo ka karanta, ka ga ko akwai Attahir a ciki.

ALƘASUM: Ummu! Don girman Allah ki rufe bakinki.

UMMU: Mi kuma? Ka ji suna. Yaga takardar.

ALƘASUM: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

UMMU: Mi ne ne? Baban Fatimata, muryarka ta canza. Mi ya faru?

ALƘASUM: Ban sani ba. Wallahi ban san haka ne ba.

UMMU: Mi ka yi?

ALƘASUM: Da na buga lambar mutumin ya ƙi faɗin suna, sai na koma wa Sani. Na ce takarda ba ta ishe ni ba, muryar nike son ji. Na ce ya shiga layin ran Alhamis ya saurara mini.

UMMU: Ka sa Sani ya saurari matarka.

ALƘASUM: Ya ce da can, lokacin da suke haɗa layi da hannu, abu ne mai sauƙi. Yanzu da sabon injin shi ba ya iyawa. Sai a wani ɗaki na sama, inda wasu mutane ke zama, ba ma'aikatansu ba ne, su ke da na'urar da ke ɗauka a kaset. Ya ce ya san ɗaya daga cikinsu, suna shan shayi tare.

UMMU: Ci gaba.

ALƘASUM: Mutumin ya ce ba a ɗora layi haka kawai, sai an cika takarda an faɗi dalili. Ba za a rubuta kishi ba. Sai Sani ya ce a rubuta... a rubuta ana zargin gidan da hulɗa da masu tada zaune tsaye. Ya ce rubutu ne kawai, don a samu a ɗora. In an ji muryar namijin, a ba ni kaset ɗina, a yaga takardar.

UMMU: Ka yarda anka rubuta haka a kan gidanka. Gidan da ɗiyarka ke kwana.

ALƘASUM: Ya ce ba mai dubawa.

UMMU: Tun yaushe?

ALƘASUM: Litinin.

UMMU: Litinin. Yau Laraba. Ba a kai ga Alhamis ba.

ALƘASUM: Na so in jira gobe. Na kasa. Tun asuba nike zagaya kabin ɗin nan.

UMMU: Ke nan ba su ji komi ba. Ba su da suna, ba su san da kaye ba. Sai yanzu.

ALƘASUM: Ni Alhamis na ce masa. Alhamis kaɗai, bayan la'asar.

UMMU: Na'urar ta san Alhamis?

ALƘASUM: Ummu, ni dai...

UMMU: Da kai nike. Ta san Alhamis?

ALƘASUM: Sani ya ce da an ɗaga kan waya take fara juyawa.

UMMU: Kana sane da haka ka riƙe ni da takardar saki, kana cewa suna, suna.

ALƘASUM: Na ɗauka sunan Attahir zai fito. So nike ya shiga kaset in samu abin nuna wa babanki. Wallahi ban kawo komi a raina ba sai shi. Ummu, ki ji, zan buga wa Sani yanzu, ya hau ya karɓo kaset ɗin, in ma kuɗi suke so...

UMMU: Yi shiru.

ALƘASUM: Zan sai da teburin, in shigo motar gobe...

UMMU: Na ce ka yi shiru. Kowace kalma ka ƙara, ƙari ce.

ALƘASUM: Alo? Ummu? Kina nan?

UMMU: Ina nan. Ina tunani.

ALƘASUM: Ki yafe mini.

UMMU: Bari yafiya tukuna. Tunda abin ya kai haka, na gaji, bari in gaya maka gaskiya. Duk abin da na faɗa ɗazu ƙarya ce.

ALƘASUM: Mi?

UMMU: Ƙarya ce na shirya don in tsira da aurena. Baiwar Allah nan, malamar, ba ta taɓa taɓa wayar nan ba. Ko sannu ba ta cika haɗa mu ba, ni da ita, addininmu ma ba ɗaya ba. Sunanta ne ya fara zo mini a baki, na laƙa mata. Babu kaye, babu matan Affala, tukunyar kuka kuka ce a cikinta. Almustafa kuwa addu'arku ce ta fiddo shi.

ALƘASUM: Ummu, na gane abin da kike...

UMMU: Ba ka gane komi ba, saurara. Ni ke bugawa. Ni, Ummul Kulsum, matar Alƙasum. Attahir nike kira. A ofishin avokan yake aiki, shi ke ɗaukar waya ran Alhamis in maigidansa ya fita. Muryarsa ce ka ji.

ALƘASUM: Ki bari. Kin san abin da kike jawo wa kanki? Sani zai ji, in Sani ya ji Tawa duka ta ji. Babanki...

UMMU: Su ji. Wata huɗu muna magana. Yana tambayata abin da na ci, yana tambayata ko na yi kitso. Kai yaushe rabon da ka tambaye ni? Ya ce in ka sake ni zai zo da mota, ba keke ba.

ALƘASUM: Ya isa.

UMMU: Ka ba direba takardarka. Ka samu abin da za ka nuna wa babana, yana cikin kaset, da muryata.

ALƘASUM: Ba zan ba shi ba. Na yaga, kin ji ƙarar? Na yaga ta. Ummu, na san don mi kike faɗin haka, na sani... Amma kitson nan. Maganar kitson nan, daga ina kinka samo ta?

UMMU: Ka ji abin da na ce.

ALƘASUM: Da motar. Haka kawai ta zo miki? Ummu, kart ɗin na ƙyaftawa, ki gaya mini da Allah, wacce ce gaskiyar? Ta farko ko ta biyu?

UMMU: Har yanzu tambaya kake.

ALƘASUM: Kalma guda. Ba zan iya kwana haka ba.

UMMU: A wanga layin ba ni da wata magana sai wadda na faɗa ta ƙarshe, kuma kai ka mai da shi haka. Zan aje, ina da wuta da zan hura, ga tukunyar kuka na jirana.

ALƘASUM: Ummu, tsaya, kar ki aje. Ummu...